Yaƙin Na-Sani da Masu Kutse

Akwai mutanen da Allah ya hore wa baki bai hore musu kunne ba, to a cikinsu ma wannan bawan Allah shi ne na sahun gaba. Tun yana ƙarami, kafin ka kai rabin magana zai tare ka da "na sani", har sunan ya bi shi ya danne na gaskiya. Ya taɓa sayar da wayoyi, ya taɓa koyar da tuƙi alhali shi kansa ba shi da lasisi, ya taɓa buɗe shagon gyaran fanka na wata biyu. Da duk suka watse, sai ya dawo gindin yayarsa, wadda take da kamfanin ɗinka kayan makaranta da teloli goma sha biyu a babban zaure guda. Ita kaɗai ce ba ta ce masa Na-Sani. Auta take kiransa, kuma albarkacin nono ta ajiye masa tebur kusa da ƙofa ba tare da ta faɗa masa aikinsa ba. Shi ya naɗa kansa, ya sa aka buga masa kati: Shugaban Sashen Fasaha. Sashen kuwa daga shi sai kujerarsa.

Wata Litinin Hajiya ta kira wata injiniyar kwamfuta ta haɗa wa kamfanin sabar imel, wato wani baƙin akwati mai ƙifta fitilu, wanda duk wasiƙar kamfanin za ta riƙa shiga da fita ta cikinsa. Dalili kuwa, ƙungiyar wasu makarantu takwas tana neman wanda zai ɗinka wa ɗalibanta kaya, kuma ta ce a cikin makon za ta aiko da imel ta faɗi rana da wurin da za a kai samfuri. Hajiya ba ta so a gan ta da adireshin da ta buɗe tun tana budurwa, mai ɗauke da "'yar gatan mama". Ta sa rai da aikin sosai, har ta ɗauki ƙarin teloli huɗu suna jiran tsammani.

Aka ajiye akwatin a ɗakin ajiyar yadi. Injiniya tana nuna wa Hajiya allon, Na-Sani na tsaye a bayansu, hannaye a baya, yana gyaɗa kai kamar mai duba aikin almajirinsa. Sai ya ga rubutu yana gudu, layi na bin layi.

"Wannan fa?"

"Masu ƙwanƙwasa ƙofa ne," in ji Injiniya. "Duk sabar da aka jona, kafin awa guda sun fara. Na'urori ne suke zagaya duniya suna gwada kalmar sirri, ko za su dace da wanda ya sa ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na sa mai gadi a ciki, wanda ya yi kuskure sau biyar a kore shi na awa ɗaya. Ƙofofin da ba a buƙata na rufe su, na bar…"

"Na sani."

"To madalla, Malam. Tunda ka sani, kada a taɓa komai. Zan yi tafiya, sai Alhamis."

Ta rubuta babbar kalmar sirri ta shiga sabar, ta sa a ambulan ta miƙa wa Hajiya. Hajiya ta jefa a durowa ƙarƙashin tef ɗin awo.

Na-Sani bai bar gaban allon ba. Ya ƙirga ƙwanƙwasa ɗari uku a awa ɗaya, ya ji ƙirjinsa yana buɗewa. Duk rayuwarsa abin da ya rasa shi ne abokin gaba daidai girmansa, yau ga duniya gaba ɗaya ta kawo kanta. Ya fito zaure ya tafa hannu, kekunan ɗinki suka tsaya.

"Jama'a, an kawo mana yaƙi har gida. Yanzu haka ɗaruruwan masu kutse suna kan ƙofarmu. Amma sun yi rashin sa'a, don ba su tambayi wa ke ciki ba."

Babban Tela, wani dattijo da ba ya rabuwa da tef a wuya, ya ɗago kai ta saman tabarau. "Me suke nema a wurinmu? Awon wandon 'yan aji uku?"

"Kai dai ka san allura, Baba. Ka bar wa masu ilimi nasu."

Ya tafi kasuwa ya sayo kwaɗo mai girman tafin hannu da sarƙa. Ya rufe tagar ɗakin ajiya, ya tokare ta da bandir biyu na yadi, ya datse ƙofa, sannan ya ɗauko mai gadi daga bakin titi ya dasa shi a wurin da sandarsa.

"Ta ina za su ɓullo, ranka ya daɗe, in san inda zan fuskanta?" in ji mai gadi.

"Ta waya."

Mai gadi ya durƙusa ya dubi siririyar wayar da ta bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya daɗe yana kallonta. "Wanda zai iya bi ta nan, ai ni ma gaishe shi zan yi in ba shi hanya."

Na-Sani ya zura makulli a aljihu ya tafi cin abinci. Yadi ya ƙare wa teloli, suka naɗe hannu suna hira awa biyu. Can sai aka ji ƙara daga ɗakin ajiya, kamar jirgi zai tashi, sannan shiru. Hajiya ta sa aka fasa kwaɗon. Ɗakin ya yi zafi kamar gidan burodi, akwatin ya kashe kansa don kada ya ƙone. Sakatariya ta buɗe taga ta kawo fanka. Na-Sani ya iso yana sakace, ya dubi fitilun da suka mutu.

"Ta ɓuya ne. Haka na tsara."

Ranar Talata da safe Hajiya ta fita sayen maɓallai. Kafin ƙarar motarta ta ɓace, ambulan yana hannunsa. Ya kalli bidiyo biyu a waya kan tsaron saba, ko ɗaya bai kai ƙarshe ba, don duk inda mai bayani ya nufa shi ya riga ya sani.

Ya fara da kalmomin sirri. Ya canza wa kowa tasa, ya ba shi wata mai haruffa talatin, manya da ƙanana, haɗe da lambobi da wasu alamomi da ko sunansu bai sani ba. Sakatariya ta karɓi tata ta juya takardar sama da ƙasa.

"Wannan kalmar sirri ce ko lambar injin mota?"

"Ki haddace."

"Kai ka haddace taka?"

Bai haddace ba. Don haka ya ɗauko babban kwalin da ake zana fasalin riga a kai kafin a yanka yadi, ya rubuta sunan kowa da kalmarsa da jan alƙalami mai kauri, manya-manya yadda mai ciwon ido ma zai gani, ya rataye a bayan teburinsa.

Daga nan ya koma kan mai gadin cikin na'urar. Kuskure biyar? Ya yi tsaki. Wannan ai sassauci ne irin na mata. Ɓarawo ya taɓa ƙofarka sau huɗu kana ce masa sannu? Ya mayar da shi ɗaya, ya goge "awa ɗaya" ya sa "har abada".

Hajiya ta dawo ta shige ofishinta. Ba a yi minti goma ba tarkon ya kama. Na-Sani ya dubi lambar na'urar da aka kora, ya ga ba daga wata ƙasa take ba, daga cikin ginin take. Gashin jikinsa ya tashi don daɗi. Ya sa mai gadin nan mai sanda ya rufe babbar ƙofa, ya tara kowa a zaure. Mai aski na shagon da ke maƙwabtaka ya ji hayaniya, ya bar mutum da rabin kai ya leƙo ta taga.

"Abin da nake gudu ya faru," in ji Na-Sani, yana kai da komo a gabansu. "Ɓarawon gida ya fi na waje. A cikinmu akwai wanda yake cin gishirin gidan nan yana sayar da shi. Na san shi. Ina ba shi dama ya fito da kansa kafin in kunyata shi."

Kowa ya dubi na kusa da shi. Ɗaya daga cikin sababbin telolin ya fara rantsuwa cewa shi ko kunna kwamfuta bai iya ba.

"Duk mai laifi haka yake cewa."

Ya bi kwamfutocin da ke zaure yana gwada lamba. Ta Sakatariya ba ita ba ce. Tasa ba ita ba ce, ko da yake sai da ya duba sau biyu. Yana cikin haka ƙofar ofis ta buɗe, Hajiya ta fito riƙe da tata.

"Auta, wannan doguwar kalmar da ka ajiye mini, harafi ɗaya na kuskure, ta ce an kore ni. Wa ya kore ni a kamfanina?"

Babban Tela ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"To ga ta nan ta fito da kanta. A kira 'yan sanda, ko mu za mu riƙe ta?"

Dariya ta ɓarke har da mai buga tebur. Na-Sani bai ko ƙifta ido ba.

"Gwaji ne, Yaya. Tsarin da bai ƙyale mai gida ba, wa zai ƙyale?"

"Buɗe mini, ka mayar da ambulan inda ka ɗauko shi. Kada in sake ganinka a ɗakin nan."

Ya buɗe mata, ya mayar da ambulan. Abin da ke ciki kuwa tuni ya kwafe a tafin hannu.

Dariyar nan ita ta hana shi sakat. Da rana, Hajiya tana gwada wa wasu iyaye riguna, ya lallaɓa ya koma. Ya gano jerin ƙofofin sabar, kowace da lambarta. Ya lura ƙofa ta ashirin da biyar ita ta fi kowace shige da fice.

"Ashe nan ce kafarsu," ya faɗa a ransa.

Ya rufe ta. Da ya ga abin babu wuya, sai ya bi duk wata ƙofa da ke kallon waje ya rufe. Rubutun da yake gudu a allo ya tsaya cak. Ya jira minti biyar, babu ko layi ɗaya. Ya fito yana tafiya kamar wanda ya dawo daga fagen daga.

"Sun gudu. Ku je ku gani da idonku. Abin da injiniyarku ta kasa, na yi shi kafin shayi ya huce."

Ya sa baƙin tabarau, ya ari sandar mai gadi ya saɓa a kafaɗa, ya tsaya a gaban teburinsa ya miƙa wa mai aski waya.

"Ɗauke ni. Ka ja da baya, a ga ofis ɗin duka."

Ya ɗora hoton a shafinsa inda kowa zai gani, ya rubuta sunan kamfanin, ya ƙara da cewa: "Masu kutse na duniya, ga ni ga ku. Wanda ya isa ya gwada." Mutum goma sha ɗaya suka nuna sun so hoton. Ya ƙirga su sau uku.

Laraba ta waye, akwatin imel ɗin Hajiya fayau. Ta duba da ƙarfe takwas, ta duba da tara, ta duba da sha ɗaya. Sababbin telolin nan huɗu suna zaune a benci suna binta da ido duk inda ta gifta.

"Auta, makarantun nan shiru."

"Manyan mutane ba sa gaggawa, Yaya."

"Tun jiya ko talla ba ta shigo ba," in ji Sakatariya. "Mai kawo mana zare ya ce sau biyu ya aiko."

"Ba kya gode Allah? Da kina kukan tarkace sun cika miki akwati."

Mai aski, wanda yanzu ya fi zama a tagarsu fiye da shagonsa, ya ce bari ya gwada. Ya aika "sannu" daga wayarsa. Aka zuba wa allo ido. Minti goma babu sannu.

"Wayarka ce ta tsufa," in ji Na-Sani.

Hajiya ta kira Injiniya a waya. Da ta ji bayani, Injiniya ta tambaya ko wani ya taɓa ƙofa ta ashirin da biyar, don ta nan ce duk wasiƙar duniya take shigowa. Hajiya ta dubi ƙanenta. Ya karɓe wayar.

"Malam, ka saurare ni da kyau," in ji Injiniya. "Ka buɗe ita kaɗai, sauran kuwa…"

"Na sani."

Ya kashe wayar ya shiga ɗakin ajiya. Sai dai ya manta yadda ake buɗe ɗaya a bar saura. Ga Hajiya tsaye a kansa, hucinta yana dukan ƙeyarsa. Garin sauri ya yi kuskuren harafi, tarkonsa ya kama shi shi ma. Da ƙyar ya samu hanyar komawa ciki, kuma don haushi ya kashe mai gadin cikin na'urar gaba ɗaya. Sannan ya ga wani umarni mai cewa a buɗe komai, ya danna.

Wasiƙun da suka kwana a waje suka fara zubowa. Ta ƙungiyar makarantu tana cikinsu, tun yammacin Talata aka aiko ta. A kawo samfuri ranar Laraba da ƙarfe goma na safe. Hajiya ta dubi agogon bango. Uku saura kwata.

Ta shige ofis ta rufe ƙofa. Daga waje ana jin muryarta tana ba da haƙuri, murya irin wadda telolinta ba su taɓa jin ta yi wa kowa ba. Da ta fito idonta ja, ta ce shugaban ƙungiyar ya yarda zai biyo da kansa gobe da safe ya duba, don mutuncin da ke tsakaninsu.

"Kin gani?" in ji Na-Sani. "Da an je can ai cikin taro za a ɓace. Yanzu shi zai zo mana."

Alhamis tun da wuri aka share zaure, aka goge samfura aka jera a kan tebur. Amma kafin baƙon ya iso, wasu baƙin suka riga shi. Mai kawo zare ne ya fara zuwa, fuska a murtuke. Sai wani malamin makaranta. Sai mai aski, wannan karon ta ƙofa ya shigo, yana nuna waya.

"Hajiya, shekara nawa muna maƙwabtaka, ashe kishiya za ki yi wa sana'ata ban sani ba?"

Ta karɓi wayar ta karanta. Daga adireshinta saƙon ya fito, da sunanta a ƙasa, kuma duk wanda ta taɓa rubuta wa wasiƙa ya samu: "Ya kai mai sanƙo, na daɗe ina kallon kanka ina tausaya maka. Danna nan ka samu man da zai rufa maka asiri."

Ba ta gama karantawa ba mota ta tsaya a waje. Shugaban ƙungiyar ya shigo, dogon mutum mai kamala, kansa yana ɗaukar hasken fitilun zaure kamar an shafa masa mai. Telolin suka sunkuyar da kai a kan kekuna, kafaɗunsu na rawa.

"Hajiya," ya ce a hankali, "shekara ashirin muna gaisawa. Ban san kina tausaya mini ba."

Na-Sani ya yi tsalle ya shiga tsakani. "Ranka ya daɗe, wannan aikin manyan ƙasashe ne. Sun ga ƙarfinmu, shi ya sa suka turo ƙwararrunsu. Ba ƙaramin mutum ne zai iya karya tsarin da na kafa ba."

"Ba a karya komai ba," in ji wata murya daga bakin ƙofa. Injiniya ce, da jakarta a kafaɗa. Ta fito da waya ta buɗe hoton shekaranjiya, ta ja shi da yatsu biyu har kwalin da ke bayan Na-Sani ya cika allo. Sunan Hajiya ne a layin farko, da haruffanta talatin, ja jawur. "Na'urori sun yi kwana uku suna gwadawa ba su samu ba. Shi ya rubuta musu, ya ɗauki hoto, ya gayyace su, sannan ya buɗe ƙofa ya sallami mai gadi."

Wayar ta zagaya hannu-hannu. Mutanen titi sun cika taga.

"Rubutunsa dai yana da kyau," in ji Babban Tela.

"Tarko ne na ɗana musu," in ji Na-Sani, amma muryar ta fito siririya, kuma babu wanda ya juyo.

Shugaban ya dubi samfuran daga nesa, bai taɓa ko ɗaya ba. Ya ce sunayen yara da awonsu da adireshin iyayensu za su riƙa bi ta wannan na'urar, don haka zai je ya yi tunani. Har yau yana tunanin. Sababbin telolin nan huɗu suka naɗe almakasansu a tsumma, suka yi wa Hajiya sallama ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta kasa haɗa ido da su.

Injiniya ta gyara komai cikin awa guda, ta tafi da babbar kalmar sirrin a kanta. Sai dai ta ce sunan sabar ya ɓaci a wajen sauran sabobin duniya, za a yi kwanaki duk abin da ta aika ana zubar da shi a kwandon shara. Ga mutum sama da ɗari biyu da ake bukatar ba haƙuri.

Ranar Juma'a Hajiya ta sa aka buga takardun ban haƙuri, ta sa hannu a kowace har yatsunta suka ƙage, aka cika wata jaka. Ta rataya wa ƙanenta a wuya da kanta.

"Tunda ka kashe mini mai kai saƙo, kai ne shi. Ƙofa-ƙofa, hannu da hannu. Kuma kada ka yi wa kowa bayani."

Ya gyara zaman jakar. Kafin ya kai bakin titi ya riga ya sanar da mai gadi cewa an ƙara masa girma, yanzu saƙonnin da suka fi ƙarfin na'ura shi ake ba.

Da la'asar ya dawo yana kaɗa hannu biyu. Hajiya ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Har ka raba ɗari biyu?"

"Na raba uku. Daga nan na shiga motar haya."

"Ina jakar?"

Ya ja kujera ya zauna, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Yaya, ki kwantar da hankalinki. Saƙonki bai taɓa samun tsaro irin na yau ba. Ni da na ɗauke shi ma ban san inda yake ba, balle maƙiyi."